Keken Baba Ya Tafi Gyara

Ran Laraba da hantsi, kamar yadda ta saba, Auta ta rufe shagon ɗinkinta ta hau mota zuwa gidan yayanta don ta yi wa mahaifinsu wanka. Gida ne na gani na faɗa, ga fenti, ga gicciye a jikin ƙofar ƙarfe, ga furanni a tukwane. Amma ɗakin Baba yana can baya, tsakanin sito da wurin janareta. Taga ɗaya gare shi, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, nan aka ajiye shi.

Tana shiga ta ga kusurwar ɗakin wayam.

"Baba, ina keken naka?"

"Ya tafi gyara," in ji tsohon, da bakinsa da ciwo ya karkatar. "Haka matar yayanki ta ce. Wai shi ma ya kwanta jinya, ya bi sahun ubangidansa."

Ya yi 'yar dariya, ita ba ta yi ba. Keken guragun nan ko wata biyu bai cika ba a ɗakin. A gaban majami'a aka ba Baba shi, ran wata Lahadi, da baƙi daga babbar ikilisiyar da ke tallafa wa tasu, da tafi, da mai hoto yana durƙusawa yana miƙewa. Auta ce ta turo shi gida da hannunta. Ranar ma wata ƙusa a bakin ƙofar ɗakin ta yage tamfol ɗin da ake jingina baya, ta zauna nan take ta ɗinke wurin da jan zare, don shi ne a jakarta. Ban da wannan yagewar babu abin da ya taɓa samun keken, ta sani sarai, domin duk Laraba ita ke goge shi.

A 'yan makonnin da ya yi da keken Baba ya dawo mutum. Da safe a tura shi bakin ƙofa ya sha rana, yana tsokanar masu wucewa. Sau biyu ya je sujada. Kafinta ne a da, bencinan majami'ar ma shi ya yi su, ya riƙa shafa su da hannunsa mai lafiya yana cewa, "Duk garin nan ni na zaunar da su, sai yanzu aka tuna a zaunar da ni."

Auta ta gama yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta nufi falo. Matar yayanta na zaune cikin buhunan tsofaffin tufafi tana warewa. Ita ce shugabar kwamitin jinƙai na majami'a, shi ya sa babba da yaro Mama Jinƙai suke ce mata. Mace ce mai taushin murya, irin waɗanda ko za su hana ka ruwa sai sun fara sa maka albarka.

"Anti, an ce an kai keken Baba gyara. Me ya same shi?"

"Ayya, Auta, tayar ce take ƙara. Na ce kada ta kayar da tsoho a shiga uku. Kwana biyu ne ya dawo."

"Wace tayar?"

Mama Jinƙai ta ɗaga wata riga ta duba wuyanta. "Ta dama. Ko ta hagu ce ma? Ke dai ki sa mu cikin addu'a, aiki ya yi mana yawa."

Auta ta fita tana juya maganar. Wanda ya ji taya tana ƙara ai ya san wacce ce.

Kwana biyun Mama Jinƙai suka zama mako uku. Laraba ta farko aka ce mai gyaran ya yi tafiya. Ta biyu aka ce ya dawo amma babu irin ƙarfen a kasuwa. Ta uku Mama Jinƙai ta ce ita fa ba ta son yawan tambaya a kan abin da aka samu kyauta. Shi kuwa Baba yana kwance a gefe ɗaya tun safe har yamma, don babu mai juya shi sai Auta ta zo. Ta fara ganin ƙugunsa ya yi ja, fatar wurin ta yi laushi. Wata nas maƙwabciyarta ta ce mata lallai a riƙa juya shi, a riƙa zaunar da shi yana shan iska, in ba haka ba gyambon kwanciya zai buɗe, kuma in ya buɗe a jikin tsoho rufewarsa aiki ne. Auta ta je ta tambayi kuɗin keke a shago, ta tarar ya fi ƙarfinta. Ɗaukar Baba zuwa wurinta kuma ba ta taso ba: ɗaki ɗaya take haya a hawa na uku, bayi na mutum goma sha.

Ran Lahadi, bayan wa'azi, aka sanar cewa kwamitin jinƙai zai miƙa kyauta. Wasu baƙi ne suka zo, ba na wancan karon ba. Aka shigo da wani mutum mai gyaran takalma, ƙafafunsa a shanye tun yana ƙarami, yana jan jiki a kan katako mai ƙananan tayoyi, silifa a tafin hannunsa. Aka turo keke an ɗaura masa ƙyalle mai sheƙi. Maza biyu suka ɗaga mutumin suka ɗora shi. Mata suka ta da waƙa, Mama Jinƙai ta share hawaye da gefen mayafinta, mai hoto ya durƙusa. Da aka juya keken don jama'a su gani, Auta, daga layin baya, ta hango jan zare a jikin tamfol.

Babu telan da ke kasa gane ɗinkinsa. Ta daina waƙar. Ta dubi yayanta a kujerun dattawa, yana tafi a hankali, idonsa a ƙasa.

Kwana biyu tana fama da kanta. Ta ce a ranta wataƙila sun ga mai takalman ya fi Baba bukata, shi da yake fita nema. In haka ne zalunci ne, amma aƙalla wani bawan Allah yana morar abin. Duk da haka zuciyarta ta ƙi kwanciya, don ta san mutanen gidan. Ran Talata ta ɗauki wani tsohon takalminta da ya tsinke, ta shiga unguwar da ke bayan kasuwa, ta bi lungunan da ruwan kwata ke bi ta tsakiyarsu, tana tsallake bola tana tambaya, har aka nuna mata rumfarsa a gindin gada.

Yana nan a kan katakonsa.

"Sannu da aiki, mai gyara. Ni 'yar majami'ar nan ce da aka ba ka keke shekaranjiya. Ina keken?"

Ya karɓi takalmin ya duba, ya sa zare a basilla kafin ya amsa. "Keken? Ai na hau shi, 'yar'uwa. Daga gaban bagade zuwa bakin ƙofa, tafiya mai daɗi. Baƙi na shiga mota aka ce in sauka za a kai a buga masa lamba. Aka ba ni sabulu biyu da riga."

"Yaushe suka ce za su kawo?"

"Kwana biyu." Ya yi murmushin da babu daɗi a ciki. "Akwai wata mai sayar da lemo can sama, ita ma ta hau shi watan jiya a wani reshen ku. Ita wanki aka ce za a kai shi. Da ta gan ni an zo ɗauka ta ce in gaishe mata da shi."

Ya ɗinke takalmin ya ƙi karɓar komai. Auta ta dawo tana jin kunya kamar ita ta yi abin.

Washegari ba ta fara shiga wurin Baba ba. Ta zagaya bayan sito, ta taka wani bulo ta leƙa ta 'yar tagar sama. Ga buhuna, ga kwalaye, ga kuma wani abu an lulluɓe da tsohon zanin gado, taya ɗaya ta leƙo waje. Bango ɗaya ne tsakaninsa da gadon Baba. Kwaɗo ne a ƙofar, makullin kuwa yana cikin tarin da Mama Jinƙai ke yawo da shi a jaka, har majami'a.

Da ta juya Baba don ta wanke shi, zanin gadon ya manne a jikinsa. Fatar ta buɗe. Tsohon ya cije baki har ta gama.

"Auta, yau akwai rana a waje?"

"Akwai, Baba."

"To, ki sha mini ita in kin fita."

Ta samu yayanta a falo yana shirin darasin da zai koyar. Shi dattijon ikilisiya ne, ko a gida Dattijo ake ce masa, kuma yana jin daɗin sunan.

"Yaya, keken Baba yana sito. Na gan shi. Shi aka ba mai takalma, shi aka ba mai lemo."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan littafi. Bai musa ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Ke yarinya ce, ba ki san yadda aikin nan yake tafiya ba. Masu taimako suna son su gani da ido. In suka ga an ba da keke, sai zuciyarsu ta motsa su aiko da abinci, da magani, da tufafi. Gwauraye nawa ke ci ta dalilin keken nan? Marayu nawa? Ke uba ɗaya kike kallo, mu unguwa guda muke ɗauke da ita."

"To in sun gani sun aiko, ina sauran kekunan?"

"Suna hanya."

"Kafin su iso, a ba Baba nasa. Ran biki ku ara, ni zan goge muku shi."

Mama Jinƙai ta fito daga kicin tana share hannu. "Ai mun gwada, Auta. Baba ba ya riƙe fitsari, Allah na tuba, ba laifinsa ba ne. Amma in keke ya ɗauki wari ko ya ƙwarzane, da wane ido za mu nuna shi a matsayin sabo? Ko wannan ɗinkin da kika yi sai da na yi ta rufe shi da ƙyalle."

"Bayansa ya fara ruɓewa, Anti."

"Tsufa ne. Kuma muna yi masa addu'a kullum, ki tambaye shi."

Dattijo ya mayar da tabaraunsa. "Kada in ji maganar nan a waje. In kika ɓata sunan aikin Allah, bakin mutum ɗari kika rufe, alhakin yana wuyanki."

Auta ta je wurin fasto duk da haka. Ya saurare ta da kyau, ya girgiza kai, ya ce lamarin gida ne kuma lamarin kwamiti ne, zai duba a hankali. Ya kama hannunta ya yi addu'a mai tsawo a kan haƙuri. Ta ce amin, ta fita.

Daga nan ta koma zuwa sau uku a mako, shago ya zauna a rufe, masu ɗinki suna ta zage-zage. Ba ta isa ba. Gyambon ya faɗaɗa, na biyu ya buɗe a ƙasan baya. Ɗakin ya ɗauki wari, aka daina barin ƙofar a buɗe don kada ya iso falo. Baba ya rage ci, ya daina tsokana. Da Lahadi in ya ji an tayar da mota za a tafi sujada, sai ya juya fuskarsa bango. Abu ɗaya yake tambaya, ko an kusa yin Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, don yana so ya karɓa a cikin jama'a, a kan layinsu na tsofaffi. Auta ta roƙi maƙwabciyarta nas ta zo ta gani. Matar ta wanke wurin, ta fito tsakar gida ta ce a hankali, "Da wata ɗaya baya ne, da zama ya taimake shi. Yanzu kam kada wanda ya zaunar da shi a kan wannan ciwon."

Wata Asabar Auta ta iso da safe ta tarar ana wanke gida har da katanga. Mama Jinƙai ta tare ta da fara'a, abin da ya sa nan da nan ta tsargu.

"Kin zo a daidai, ƙanwata. Baƙinmu na farko sun dawo, sun ce suna son su ga tsohon da suka ba keke, su ga yadda rayuwarsa ta canja. Taimaka ki sa masa farar rigar nan."

An riga an ɗauko Baba an kwantar da shi a ɗakin baƙi, mai labule da fanka, ɗakin da bai taɓa kwana a ciki ba. An fesa turare. Keken yana tsakiyar falo, an goge shi yana ƙyalli.

"Anti, nas ta ce kada a zaunar da shi."

"Minti biyar ne, na hoto. Ba ke kike ta kukan a ba shi keke ba? To ga shi."

Auta ta sa masa rigar. Ta yi niyyar tsayawa a bakin ƙofa ta hana, amma Baba ya ji an ce keke, idonsa ya kawo haske, ya ce, "Ku kai ni in ga rana." Ba ta iya ce masa a'a ba.

Baƙin uku ne, da wata dattijuwa mai furfura a gaba. Aka yi addu'a, aka sha ruwa. Dattijo da direbansa suka ɗauko Baba, suka sauke shi a kan keken. Ƙarar da tsohon ya yi ba mai ƙarfi ba ce, wani nishi ne daga can ciki, jikinsa ya ɗauki ɓari, gumi ya keto masa. Mama Jinƙai ta sunkuya kusa da shi tana murmushi wa mai hoto.

"Murna ce ta yi masa yawa," in ji ta. "Baba, ɗan yi dariya."

Auta ta tako ta tsaya tsakaninsu da mai hoton. Ba ta ɗaga murya ba. Ta rungumo mahaifinta gaba, kansa a kafaɗarta, bayansa yana kallon baƙin. Farar rigar ta riga ta jiƙe da jini da ruwan ciwo. Ta ɗage ta sama.

Dattijuwar ta kai hannu baki.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun da keken ya tafi gyara," in ji Auta. "Wata uku ke nan. A sito yake gyaruwa. Yana fita ne in za a ba wani a gaban jama'a, ya dawo kafin yamma."

"Auta," in ji Dattijo, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ki tuna inda kike."

"Na tuna, Yaya. Gidan da ubanmu ya yi wa ƙofofi."

Ita da direban suka kwantar da Baba a kan doguwar kujera, a kan cikinsa. Da numfashinsa ya dawo, ya yi wa Auta alama ta matso. Ta taɓa ba shi labarin mai takalman wata rana, tana zaton ma bai ji ba.

"Keken nan nawa ne?" ya tambaya.

Dattijuwar ce ta amsa. "Naka ne, Baba. Kai muka ba."

"To ni na gama da zama. Auta, kai wa mutumin gindin gada. Yanzu. Kada ki bari ya kwana a gidan nan."

Auta ta kama keken ta tura. Mama Jinƙai ta yi taku ɗaya, ta ga idon baƙi a kanta, ta tsaya. Auta ta fita ta ƙofar mai gicciye, ta bi titi da keke babu kowa a ciki, mutane suna kallonta, ta shiga lungunan bayan kasuwa tana ɗaga shi a kan kwata. Tana kuka, ba ta ɓoye ba. Mai takalman ya daɗe yana kallon keken kafin ya taɓa shi, sannan ya ce, "Yaushe za a zo ɗauka?" Ta ce ba mai zuwa.

Kada wani ya ɗauka daga ranar duniya ta gyaru. Baƙin sun tafi ransu a ɓace, sun rubuto wasiƙa, kwamiti ya zauna ya ce rashin fahimta ne aka samu a cikin iyali. Mama Jinƙai ta yi azumin kwana uku ta yafe wa waɗanda suka tozarta ta, ta ci gaba da riƙe makullin sito. An bar Baba kwana biyu a ɗakin baƙi, sannan aka mayar da shi baya don warin yana damun masu zuwa addu'a. Mata a majami'a suka daina kawo wa Auta ɗinki, wasu suka ce ta kori abincin marayu saboda baƙin ciki.

Baba ya ƙara kwana goma sha tara. Fasto ya kawo masa Jibin Ubangiji har gado, ya karɓa a kwance, fuskarsa a gefe, ƙofa a rufe. Bai sake ganin rana ba.

Ran jana'iza majami'a ta cika, jama'a a kan bencinansa. Mai wa'azi ya yaba wa Dattijo da matarsa, waɗanda suka riƙe tsoho a gidansu har ƙarshe ba su gaji ba. Ana cikin haka aka ji motsi a ƙofar baya. Mai takalma ne, ya turo kansa tun daga gindin gada, gumi sharkaf, tayoyin duk laka. Wani mai tsaron ƙofa ya so ya tsayar da shi a baya, ya ƙi. Ya bi tsakiyar majami'a har gaban akwatin, ya tsaya nan, bayansa ga jama'a. Tamfol ɗin ya dushe, hannun keken ya ƙwarzane, amma jan zaren yana nan, kowa yana ganinsa tun daga layin ƙarshe.

Mai hoto ya ɗaga kyamararsa ya dubi Mama Jinƙai. Ta girgiza masa kai.